Inshorar gida: abin da take biya da abin da ba ta biya

Tun bayan ambaliyar daminar 2024, wadda ta rushe gidaje a Maraɗi da N'Djamena da Yagoua, magidanta da dama ke tambaya: da mun yi inshora, da an biya mu? Amsar tana cikin takardar yarjejeniya, wadda galibi da Faransanci take, kuma mutane kan sa hannu ba tare da an fassara musu ba.

Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Burkina Faso da Cote d'Ivoire duk doka ɗaya suke bi, wato kundin CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Yaounde ta 1992, ya fara aiki a 1995. Ghana tana da tata dokar daban.

Abin da kamfanoni ke sayarwa shi ne "multirisque habitation", inshorar da ta haɗa haɗurra da yawa a takarda ɗaya. Ginshiƙinta gobara ce, tare da faɗuwar tsawa da fashewar tukunyar gas. Akan ƙara ɓarnar ruwa, sata da fashewar gilashi. Akwai kuma alhakin ɓarnar da ka jawo wa wani: idan wuta ta tashi a gidanka ta ci na maƙwabci, kamfanin ne zai biya shi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne ruwa. Kalmar "dégâts des eaux" tana nufin ruwan da ya fito daga bututun da ya fashe ko tankin da ya yi yoyo. Ruwan gulbi ko na kwararo da ya shigo gida sunansa "inondation", kuma sau da yawa ba ya ciki sai an saye shi daban. Haka ma ɓarnar yaƙi da tarzoma, doka ta cire su sai in an rubuta akasin haka. Ɓarnar da mai gida ya yi da gangan ba a biyanta, kuma katangar da ta faɗi don tsufa ko rashin yaɓe, gyaranta na wuyan mai ita.

Mai haya ya lura: inshorar mai gida ta gini ce, ba ta shafi katifarka, kayan ɗakin matarka ko keken ɗinkinka ba. Idan kuma gobarar daga ɗakinka ta tashi, ana iya bin ka kuɗin ginin. Abin da ke kare ka shi ne "risques locatifs".

'Yan kasuwarmu da ke ajiye haja a gida su faɗi gaskiya tun farko. Wanda ya mai da zaure rumbun atamfa, ko yake ajiye jarkokin fetur, bai sanar ba, zai iya rasa diyya ko a rage masa. Rage darajar gida don a sauƙaƙa kuɗin shekara ma asara ce. Gidan da ya kai sefa miliyan 20, aka rubuta miliyan 10, in gobara ta yi ɓarnar miliyan 6, miliyan 3 za a biya, sannan a cire "franchise", wato kason da mai gida ke ɗauka da kansa.

Tun 2011, ƙa'idar CIMA ita ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, saboda haka ka riƙe rasit. Idan abu ya faru, wa'adin sanar da kamfani yana cikin takardarka. Doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, amma na sata awa 48 ne. Ka ɗauki hotuna, kar ka kwashe ɓaraguzai kafin mai ƙiyasin kamfani ya zo.

Wanda ke da damuwa ta addini ya tambayi ko akwai takaful, tsarin taimakekeniya da CIMA ta amince da shi.

Kafin ka sa hannu, ka nemi shafin "exclusions", inda aka jera abubuwan da ba a biya. Doka ta wajabta a rubuta su da haruffan da suka fito sarai. Ka sa wanda ya iya Faransanci, wanda ba dillalin kamfanin ba, ya karanta maka shi layi bayan layi, ka kuma tambaya kai tsaye ko ambaliya tana ciki.