Ƙwallon Kwando A Zamanin Korona: Cinikin Da Ya Kuɓuce Wa Birnin Ikko

Da al'amura sun tafi yadda aka tsara, da birnin Ikko ya karɓi baƙuncin wani sashe na gasar ƙwallon kwando ta kulob-kulob na nahiyar Afirka, wadda ake kira BAL, a shekarar 2020. Hukumar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, tare da hukumar duniya ta FIBA, su ne suka kafa gasar, kuma sun sanya Ikko cikin biranen da kulob goma sha biyu za su riƙa zagayawa, tare da Dakar da Alƙahira da Luwanda da Rabat da Monastir, sa'an nan a yi wasan ƙarshe a Kigali. An tsai da ranar 13 ga watan Maris don buɗe gasar a Dakar. Kafin ranar ta zo aka ɗage ta saboda annobar korona. Da aka zo yin ta bayan wata goma sha huɗu, babu ko wasa ɗaya da aka buga a Nijeriya.

Wani ɗan kasuwa a Agege ko Idi-Araba yana iya cewa ina ruwansa da wasan da ba ya kallo. Ruwansa kuwa shi ne, duk ranar da aka yi babban wasa a filin wasanni na ƙasa da ke Surulere, ba 'yan wasa kaɗai ke cin abinci ba. Mai tsire da mai shayi da ɗan tireda da ke bakin ƙofa suna ciniki, ɗan canji yana samun baƙi masu dala, mai otal da mai mota suna samun nasu, haka ma mai gidan kallon ƙwallo a cikin unguwa. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan sana'o'i a hannun mutanenmu suke. Kuma sun shiga shekarar ne da rauni, domin tun ranar 1 ga watan Fabrairu gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi, har da Surulere da Ikeja. Ranar 27 ga watan aka sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Ikko, ranar 30 ga Maris kuma aka kulle Legas da Ogun da Abuja, ba a sassauta ba sai 4 ga watan Mayu.

Abin tambaya a nan shi ne: me ya sa wasu gasanni suka farfaɗo cikin 'yan watanni, wasu kuwa suka shekara a kwance? Amsar tana cikin littafin kuɗin shiga na kowace gasa.

A Amurka, NBA ta dakatar da wasanninta ranar 11 ga Maris, 2020, bayan an sami cutar a jikin Rudy Gobert na kulob ɗin Utah Jazz. Ranar 30 ga Yuli ta ci gaba da gasar da kulob 22 daga cikin 30, a wani killataccen sansani da ke harabar Walt Disney World kusa da birnin Orlando. A can 'yan wasa suke kwana, a can suke ci, a can suke wasa, ana gwada su kullum, kuma ba a shigar da ɗan kallo ko ɗaya ba. Har aka kammala ranar 11 ga Oktoba, lokacin da Los Angeles Lakers ta doke Miami Heat, ba a sami ɗan wasan da ya kamu da cutar a cikin sansanin ba. Wannan aiki ya ci kimanin dala miliyan 180.

Ba don son wasa kawai hukumar ta kashe wannan maƙudan kuɗi ba. Shugabanta, Adam Silver, ya shaida wa 'yan wasa cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shigar gasar daga 'yan kallo da ke zuwa fili yake fitowa, wato kuɗin tikiti da abin da suke saye a ciki. Wannan kaso ya riga ya tafi. Abin da ya rage a ceto shi ne kuɗin talabijin, kuma a lokacin akwai yarjejeniyar shekara tara ta dala biliyan 24 tsakanin hukumar da kamfanonin ESPN da Turner. Idan ba a buga wasa ba, babu abin da za a nuna, babu kuma hujjar karɓar kuɗin. Saboda haka kashe miliyan 180 don kare abin da ya ninka shi sau da yawa ciniki ne mai riba. Duk da haka kuɗin shigar gasar na wannan kaka ya ragu da kimanin kashi 10 cikin ɗari.

To, a gwada wannan lissafi da namu. A shekarar 2020 ɗakunan gwaji masu zaman kansu da gwamnatin Legas ta amince da su suna karɓar Naira 50,400 a kan gwaji guda, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar Naira 30,000 ne. In muka ɗauka kulob yana tafiya da mutum ashirin, 'yan wasa da masu horarwa da ma'aikata, to gwaji sau ɗaya ya haura Naira miliyan ɗaya. Kulob takwas, a yi musu gwaji ko da sau biyu ne a mako har wata guda, an doshi Naira miliyan 65, ba a yi maganar otal da abinci da mota ba. Daga wace jaka za a fitar?

Ba daga talabijin ba dai. Gasar maza ta Nijeriya ta daɗe tana dogara ga mai ɗaukar nauyi guda ɗaya, da DStv ne, daga baya Kwesé ya karɓa a 2017 bisa yarjejeniyar shekara biyar, sai kuma harkar talabijin ta Kwesé ta durƙushe a 2019. A wannan shekara ta 2017 ne kuma hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabe gida biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, aka yi wani a Abuja washegari wanda ya ba Musa Kida. Babu kamfanin da zai zuba kuɗinsa a shagon da mutum biyu ke jayayya a kan makullinsa. Su kuwa kulob-kulob ɗin, irin su Kano Pillars da Gombe Bulls da Kwara Falcons da Rivers Hoopers ta Fatakwal, galibinsu na gwamnatocin jihohi ne ko na hukumomi kamar kwastan da 'yan sanda. A shekarar da farashin man fetur ya faɗi warwas, aka karya darajar Naira daga 307 zuwa 360 a kan dala a watan Maris, tattalin arzikin ƙasa kuma ya ja baya da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu, ba wanda zai zargi gwamna don ya fifita albashi da asibiti a kan ƙwallon kwando. Ba a yi gasar maza a 2020 ba, ba a kuma yi ta mata da Bankin Zenith ke ɗaukar nauyi ba. Ko ƙwallon ƙafa, mai ɗimbin magoya baya, soke kakarsa aka yi, ba a dawo ba sai ƙarshen Disamba.

A ganin wannan marubuci, annobar ba ita ta kashe gasar ba. Ta tarar da ita ne a kan gadon jinya.

Ita kuwa gasar BAL, da yake akwai aljihun NBA a bayanta, sai ta bi sawun Orlando. Aka soke zagayen birane, aka tattara kulob goma sha biyu a wuri guda daga 16 zuwa 30 ga Mayu, 2021. Sharaɗin irin wannan tsari shi ne a sami zauren wasa na zamani da otal-otal kusa da shi, da gwamnatin da za ta iya killace ɗaruruwan mutane ta kuma gwada su a kai a kai. Ruwanda ta buɗe zauren Kigali Arena mai ɗaukar mutum 10,000 a 2019, don haka cinikin duka ya koma can. Rivers Hoopers ce ta wakilci Nijeriya. 'Yan wasan da suka daɗe ba su yi gasar cikin gida ba suka sha kashi 83 da 60 a hannun Patriots ta Ruwanda a wasan buɗe gasa, aka kuma fitar da su tun a zagayen farko. Zamalek ta Masar ce ta ɗauki kofin bayan ta doke US Monastir ta Tunisiya da ci 76 da 63.

Abin da ya kamata masu jari su lura da shi shi ne, a cikin wannan wata na Mayu NBA ta sanar da kafa kamfanin NBA Africa, wanda aka ƙiyasta darajarsa kusan dala biliyan ɗaya, kuma a sahun gaba na masu zuba jari akwai 'yan Nijeriya biyu, Babatunde Folawiyo da Tope Lawani na kamfanin Helios. Wato dai jarin Ikko ya shiga harkar, amma wasan da cinikin da ke biye da shi suna wata ƙasa. A 2022 kamfanin ya buɗe ofishi a Ikko. A shekarar ce kuma rikicin shugabanci ya sa Nijeriya ba ta da kulob a gasar BAL, har gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya a watan Mayu, ta kuma janye matakin a watan Yuni, bayan ƙungiyar mata ta D'Tigress ta riga ta rasa gurbinta na gasar cin kofin duniya, aka ba Mali.

Rivers Hoopers ta koma Kigali a 2024 ta zo ta uku. Daga 2022 zuwa 2025 gasar ta sauka a Dakar da Alƙahira da Pretoria da Rabat, ban da Kigali da ta zama gidanta. Ba ta sauka a Ikko ba.