Wasan Birij: Kartar Da Ba A Yin Raɗa A Cikinta

Duk wanda ya ratsa layukan Badarawa da yamma, ko ya gangara wajen Kwaru da Malali, ba zai rasa ganin samari a kan benci suna buga karta ba. Yawanci Whot ne, wanda wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, ya zo ya zauna daram a ƙasarmu. Abin da ke damun iyaye shi ne kuɗin da ake turawa ƙarƙashin tabarma, da zagin da ke biyo baya, har wani lokaci a kai ga dambe. Shi ya sa a gidaje da yawa in an ce karta, caca kawai ake ji.

To, akwai wata karta da ba ta bukatar ko kwabo kafin ta yi daɗi, ita ce birij. Ni a wurin wani dattijo na koya, maƙwabcinmu ne, wanda ya yi aikin kuku a gidajen Turawa a Jiyare tun yana saurayi. Ya ce da tsayuwa da tire a bayan masu wasa ya gane ta.

Birij jikar wata tsohuwar kartar Ingila ce da ake kira wis. Tsarin da ake bi yanzu wani attajirin Amurka ne, Harold Vanderbilt, ya daidaita lissafinsa a 1925, yana cikin tafiya a jirgin ruwa. A 1958 aka kafa ƙungiyar birij ta duniya, kuma a wasannin Asiya na 2018 a Jakarta har lambar zinariya aka bayar a kanta.

Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Kati 52 ne, ba joka, a raba kowa ya sami 13. Dangi huɗu ne: mai ganye uku, mai lu'ulu'u, mai zuciya, da mai kan mashi, kuma haka darajarsu take hawa daga ƙasa zuwa sama. A kowane dangi As ne babba, sai Sarki, Sarauniya, Jak, sannan 10 har zuwa 2. Mutum ɗaya ya ajiye kati, sauran su bi shi ta hannun hagu, kuma dole ne ka bi da dangin da aka fara muddin kana da shi. Wanda ya sa mafi girma shi ya ci zagayen, shi ne kuma zai fara na gaba. Zagaye 13 ke nan a kowane rabo.

Amma kafin a ajiye ko kati ɗaya, sai an yi ciniki, kuma a nan ne wasan yake. Kamar gwanjo ne. Wanda ya raba shi ke fara tayi, ya faɗi lamba daga 1 zuwa 7 tare da dangin da yake so ya zama mai yanka, wato dangin da ko ƙaramin katinsa yana kashe As na wani dangi idan wanda aka fara ya ƙare maka. Ana kuma iya tayin "ba yanka", wanda ya fi dukan dangi huɗu daraja. Sai dai a lura, shida ake ƙarawa a kan lambar. Wanda ya ce "zuciya ɗaya" ya yi alkawarin shi da abokinsa za su ci zagaye 7. Wanda ya ce bakwai kuwa ya ce duka 13 nasu ne. Kowane tayi dole ya ɗara na baya, wanda ba shi da abin faɗi ya ce ya wuce. Idan mutum uku a jere suka wuce bayan tayi, ciniki ya faɗa. Wanda yake ganin abokan hamayya sun cika baki yana iya cewa ya ninka, ribar da hasarar duka su ƙaru.

Yaya mutum zai san ƙarfin hannunsa? As maki 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, jimla 40 a dukan katin. Mai 12 ko 13 yana iya buɗe tayi. Idan kai da abokinka kun haɗa wajen 25 ko 26, kuna iya neman cikakken wasa, wato "ba yanka" uku, ko huɗu a zuciya ko kan mashi. A ƙananan dangin nan biyu sai an kai biyar. Dalili shi ne maki 100 ake nema: zagayen ƙananan dangi 20 ne, na manya 30, na "ba yanka" kuwa 40 a farko sannan 30.

Da ciniki ya faɗa, wanda ya fara ambaton dangin a ɓangaren da ya yi nasara shi ne mai alkawari. Na hagunsa ya ajiye katin farko. Daga nan sai abin da ke ba sabon shiga mamaki: abokin mai alkawari ya baje katinsa duka a fili, ya naɗe hannu, mai alkawari ya buga hannu biyu shi kaɗai. Na sha ganin yadda zaman shirun nan yake yi wa mai surutu wuya, yana kallo ana ɓarnatar da Sarkinsa, ba damar ko gyaran murya.

Dokar da ta fi burge ni ita ce ta magana. Ba ka da hanyar sanar da abokinka abin da ke hannunka sai ta tayi da katin da ka ajiye, a gaban kowa. Ba ƙifta ido, ba tari, ba sosa kunne. Har ma idan ku biyu kuna da wata yarjejeniya kan ma'anar wani tayi, abokin hamayya yana da ikon tambaya, kuma wajibi ne a faɗa masa gaskiya. Manyan 'yan wasa ma sun sha kunya a nan. A gasar duniya ta 1975 a tsibirin Bamuda, an ga wasu 'yan Italiya biyu suna taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur, abin da ya sa aka riƙa sa katako a tsakanin ƙafafun masu wasa.

Kada wani ya ce na ce ba a iya yin caca da birij. Ana yi, kamar yadda ake yi da ƙwallo. Amma a gasa kuɗi ba ya shiga lissafi, hannu iri ɗaya ake ba tebura daban-daban a ga wanda ya fi iya sarrafa shi, don haka sa'a ba ta da wurin ɓuya sosai.

Masu son gwadawa su fara ba tare da ciniki ba. A raba kati, kowa ya faɗi makinsa, ɓangaren da ya fi yawa ya zaɓi dangin yanka, a buga. Bayan mako biyu ko uku sai a shigo da tayi. Dattijon nan haka ya fara da mu, a kan tabarma, da murfin kwalba muke ƙirga zagaye.