ALLURAR FATA DA ALLURAR TSOKA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Mutanenmu suna da imani ƙwarai da allura. Da yawa sun ɗauka cewa allurar da ta fi tsawo, ta fi shiga jiki, ta fi zafi, ita ce ta fi ƙarfi. Saboda haka in malamin asibiti ya yi wa mara lafiya 'yar gajeriyar allura a ƙarƙashin fata, alhali kuwa maƙwabcinsa an yi masa doguwa a tsoka, sai danginsa su ga kamar an yi musu rowar magani, wani lokaci har maganar ta kai gaban hakimi. An rubuta wannan takarda don hakimai da malamansu su san gaskiyar al'amarin, su kuma iya bayyana wa dagatai da masu unguwa da sauran talakawa. Za mu yi misali da bitamin B12, domin ƙarancinsa ne aka fi yi wa magani da allura.

1. Amfanin bitamin B12 da alamun ƙarancinsa

Bitamin wani sinadari ne da ke cikin abinci, wanda jiki ke bukatarsa kaɗan ƙwarai, amma in babu shi lafiya ba ta tsayuwa. Shi B12 aikinsa biyu ne. Yana taimakon ɓargo wajen yin jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma kiyaye lafiyar jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Ana samunsa a hanta da nama da kifi da ƙwai da madara da nono. Babu shi a gero ko dawa ko masara ko wake ko ganyen miya.

Abin da babban mutum ke bukata a yini bai kai kashi 3 cikin 1,000 na miligiram ɗaya ba. Hantar mutum kuwa ta kan tara abin da zai ishe shi shekara 3 zuwa 5. Wannan ya sa ciwon ya ke shigowa a ɓoye, sai rumbun ya ƙare tukuna a ke ganin alama. Alamun su ne kasala, da haki in an ɗan yi tafiya, da fari a cikin fatar ido, da harshe ya yi ja ya yi sumul yana zafi, da mutuwar tafin hannu da na ƙafa, da tangaɗi musamman cikin duhu, da yawan mantuwa.

2. Yadda aka gano maganin

A 1849 wani likitan Landan, Thomas Addison, ya bayyana wani irin ƙarancin jini wanda duk wanda ya kama sai ya kai shi kushewa. Haka aka zauna ba magani har 1926, sa'ad da likitoci biyu na Amurka, George Minot da William Murphy, suka nuna cewa masu ciwon suna farfaɗowa in suna cin kamar rabin laba na hanta kowace rana. A 1934 aka ba su lambar girma ta Nobel tare da George Whipple. A 1948 ne aka tsamo ainihin sinadarin daga cikin hanta, a Amurka da Ingila kusan lokaci ɗaya, aka ga ja ne wur. Yanzu 'yar kwalbar allura ta hutar da masu ciwon daga cin hanta kullum.

3. Dalilin da ya sa a ke bukatar allura

Wani likita kuma, William Castle, ya gano a 1929 cewa tumbin mutum yana fitar da wani abu wanda ba a iya amfana da maganin da ke cikin abinci sai da shi. Misalinsa kamar baƙo ne da ya zo fada: kome girmansa ba ya shiga sai an yi masa iso. B12 shi ne baƙon, abin da tumbi ke fitarwa shi ne mai iso, ƙofar kuwa tana can ƙarshen ƙaramin hanji. In tumbi ya daina fitar da mai iso, ko an yanke wani sashe na tumbi ko na hanji a asibiti, to, ko nama nawa mutum ya ci, bitamin zai wuce ne kawai. Tsufa ma yana rage ƙarfin tumbi, haka kuma daɗewa ana shan maganin ciwon sukari da a ke kira metfomin. Allura tana kewaye ƙofar nan, ta sa maganin inda jini zai ɗauke shi kai tsaye.

Wanda kuwa cikinsa lafiya lau, rashin nama da nono ne kurum ya jawo masa ƙarancin, galibi ƙwayoyin sha da gyaran abinci sun ishe shi.

4. Hanyoyin nan biyu

Jikin mutum hawa uku ne daga waje zuwa ciki: fata, sa'an nan kitse, sa'an nan tsoka.

Allurar tsoka ita ce mai ratsa fata da kitse ta sauke magani cikin nama. Tsawonta ga babban mutum inci 1 zuwa 1½, kuma a miƙe a ke soka ta. Wuraren da a ke yin ta su ne naman kafaɗa, da gefen cinya na waje, da gefen katara, da kusurwar ɗuwawu ta sama ta waje. Tsoka cike ta ke da hanyoyin jini, saboda haka magani ya kan bazu da sauri. Cikin kamar sa'a guda B12 ya kan kai matuƙar yawansa a jini.

Allurar ƙarƙashin fata kuwa a kitse ta ke tsayawa. Gajeriya ce siririya, kamar rabin inci ko fiye kaɗan. A kan ɗan tsunkule fata a ɗaga, a soka a karkace, a ciki nesa kaɗan da cibiya, ko a gaban cinya, ko a bayan damtse. Hanyoyin jini ba su da yawa a kitse, don haka maganin a hankali ya ke shiga. Irin wannan ce masu ciwon sukari ke yi wa kansu da insulin.

Misalin su biyun kamar kaya ne da aka ajiye a gari biyu. Ɗaya yana bakin babban titi, motoci na wucewa kullum. Ɗayan yana ɗan lungu, sai kayan sun jira mota. Na farko zai riga isa, amma duka biyun kasuwa ɗaya za su sauka, kuma ba abin da zai ragu a buhu.

5. Wace ce ta fi?

Ga wajen sauri, ta tsoka ta fi. Amma a ciwon nan saurin 'yan sa'o'i ba shi da wani tasiri, gama jiki kwanaki ya ke ɗauka yana gina jini. Ko ta wace hanya aka bi, sababbin ƙwayoyin jini su kan yawaita cikin mako na farko, jini ya cika cikin kamar wata 2. Jijiyoyi kuwa su kan ɗauki watanni, in kuma an yi sakaci da yawa wani lahanin ba ya gyaruwa.

Ga wajen yawan ruwan magani, tsoka ta fi ɗauka. Babbar tsoka ta kan karɓi mililita 3, ƙarƙashin fata kuwa ba a so a wuce mililita 1 da ɗan abin da ba a rasa ba. Shi B12 miligiram 1 a ke yi, galibi cikin mililita 1, saboda haka ko'ina ya isa.

Ga wajen zafi da haɗari, ta fata ta fi sauƙi, domin ba ta kaiwa inda manyan jijiyoyi su ke. Illarta ita ce wani lokaci wurin ya kan yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ɗan kulluɓutu na 'yan kwanaki. Ta tsoka ta fi ciwo, ta kan kuma jawo zubar jini a cikin nama ga wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri.

Ga wajen irin maganin, B12 na allura iri biyu ne. Akwai sayanokobalamin, wanda aka fi amfani da shi a Amurka. Takardarsa ta yarda a yi shi a tsoka ko can ƙarƙashin fata, kuma bayan alluran farko sau ɗaya a wata a ke yi. Rabinsa ko fiye ya kan fita a fitsari cikin kwana 2. Akwai kuma haidiroksokobalamin, wanda aka fi amfani da shi a Ingila. Shi ya fi daɗewa a jiki, a tsoka kuma aka saba yinsa: sau 3 a mako har mako 2, daga nan sau ɗaya kowane wata 2 ko 3. In ciwon ya taɓa jijiyoyi, a kan yi yau a tsallake gobe har sai an ga sauƙin ya tsaya.

Saboda haka likita ya kan zaɓi tsoka ga yawancin mutane, musamman a farkon magani. Ya kan koma fata ga mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai ciwon rashin daskarewar jini, da tsohon da ya rame har ba shi da naman kirki, da wanda aka koya masa yi wa kansa a gida. Wanda aka yi wa ta fata ba a rage masa kome ba. Abin da ke warkarwa shi ne a gane ciwon daidai, a kuma riƙa zuwa a kan lokaci. Wanda tumbinsa ya daina fitar da mai iso, maganin nan na iyakar ransa ne, in ya bari don ya ji sauƙi ciwon zai komo.

6. Inda haɗari ya ke

Akwai wata babbar jijiya da ta taso daga ƙugu, ta ratsa tsakiyar ɗuwawu, ta gangara har ƙafa. In wanda bai ƙware ba ya soka allura ya same ta, ƙafar ta kan shanye, yaro ya tashi yana jan ƙafa. Shi ya sa a ke yi wa jarirai da ƙananan yara allura a cinya. Allurar da aka yi wa wani kuma aka sake yi wa wani da ita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, mara tsabta kuwa tana kawo ƙurji mai mugunya. A nan ne allura kan tono garma.

Haɗari na biyu shi ne yin magani ba gwaji. Ruwan B12 ja ne, wasu sai su ɗauka jini a ke ƙara musu. Amma yawancin ƙarancin jini a ƙasar nan daga zazzaɓin cizon sauro ne, da tsutsar ciki, da rashin sinadarin ƙarfe a abinci, da sikila, kuma B12 ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Haka kuma mai ƙarancin B12 in ya shiga shan folik asid kaɗai, jininsa zai gyaru a ido, jijiyoyinsa kuwa suna ta lalacewa.

A sani kuma ba kowane bitamin ke son allura ba. Bitamin A da a ke ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 a baki a ke ɗiga shi. Bitamin K kuwa da a ke yi wa jariri ranar haihuwa, miligiram 1, don kare shi daga zubar jini, a tsokar cinya a ke yinsa.

7. Abin da a ke roƙon hakimai

Na ɗaya, a sanar da dagatai da masu unguwa cewa tsawon allura ko zafinta ba shi ne ƙarfinta ba, zaɓen wurin yinta kuwa aikin likita ne.

Na biyu, duk wanda aka gani da kasala mai tsawo tare da mutuwar ƙafa ko tangaɗi, musamman tsofaffi da mata masu shayarwa, a matsa wa danginsa su kai shi asibiti a gwada jininsa tun da wuri.

Na uku, a gargaɗi mutane game da masu yawo da allura a kasuwanni. Masu ƙananan shagunan magani ma izininsu na sayarwa ne, bai haɗa da yin allura ba.

Na huɗu, kowa ya ga an ɓare sabuwar allura da sirinji a gabansa kafin ya miƙa jikinsa.

Na biyar, malaman hakimai su taimaki waɗanda ba su iya karatu ba wajen duba katin asibiti, su tuna musu ranar komawa, domin mai jiran wata 3 yana da sauƙin mantuwa.

Ana fatan za a karanta wannan takarda a majalisa, a kuma bayyana ta ga jama'a ranar kasuwa.