Labarin Batirin da Babu Ruwa a Cikinsa

Ku sani, ya ku malamai da 'yan kasuwa, batirin da ke cikin wayar hannu ba busasshe ba ne kamar yadda ido ke gani. Akwai ruwa a cikinsa, kuma ruwan nan mai kama wuta ne. Ta cikinsa ƙwayoyin litiyam ke ƙetarewa daga wannan gefe zuwa wancan sa'ad da ake caji, kana su komo sa'ad da ake aiki da wayar. Tsakanin gefunan biyu akwai shamaki wanda bai kai kaurin silin gashi ba. In ya huje, gefunan suka taɓa juna, sai zafi ya taso, ruwan ya kama.

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da irin wannan batir a 1991. Aibinsa kuwa ya bayyana ƙuru-ƙuru a 2016, yayin da wayoyin Galaxy Note 7 na Samsung suka riƙa cin wuta, har aka janye kamar miliyan 2.5 a karon farko, aka hana shiga jirgin sama da su, daga bisani aka daina ƙera su ɗungum.

Dabarar da masana ke bi ita ce a fid da ruwan, a sa abu mai tauri a madadinsa, kamar tangaran, wanda litiyam zai iya ratsawa amma wuta ba ta cinsa. Asalin ilmin tsoho ne. Tun cikin shekarun 1830 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa akwai daskararrun abubuwa da lantarki ke bi ta cikinsu yadda yake bi ta ruwan gishiri. Daga 1972 kuma likitoci suka fara dasa wa masu ciwon zuciya na'ura mai daidaita bugu, da batirin litiyam da aidin maras ruwa, wanda kan yi kamar shekara 10 a ƙirjin mutum.

To, me ya hana waya samunsa? Shi ruwa yana shiga kowane lungu ya jiƙa ko'ina, amma tauri da tauri ba su haɗuwa lif, tilas a bar 'yan kafofi. Ga shi gefunan batir suna kumbura suna motsewa a kowane caji, sai mannewar ta saki. Wani lokaci ma litiyam kan yi tsiro kamar saiwa, ya bi tsaga ya huda tangaran ɗin. Kowa ya san faranti babba ya fi ƙaramin kofi saurin fashewa, haka nan lamarin yake a nan: gwargwadon faɗin batir, gwargwadon wuyar ƙera shi.

Saboda haka aka fara da ƙanana, waɗanda ake ɗaurawa a jiki, kuma lalle nan ne ya fi cancanta, gama abin da ke manne da fata ko cikin kunne bai kamata ya tsiyaye ko ya ƙone ba. A 2024 kamfanin TDK na Japan ya ba da sanarwar wani sabon tangaran wanda ya ce yana riƙe wuta kamar ninki 100 na ƙaramin batirinsa maras ruwa na dā, ya nufe shi da agogon hannu, da abin sauraro na kunne, da na'urar taimakon masu nauyin ji. Sanarwa dai ba kaya ba ce, sai ta iso rumfa.

Masu sarin waya da kayan caji a Kano da sauran kasuwanni su lura da wani abu. Akwai batir da ake kira rabin daskararre, wanda aka rage ruwansa ko aka mai da shi kamar kunu mai kauri, amma ba a raba shi da ruwan ba. Wannan bai kuɓuta daga wuta sarai ba. Kada a saye shi da tsadar maras ruwa, kada kuma a gaya wa mai saye cewa ba ya ƙonewa. A ajiye shi a inuwa, nesa da zafin kwano na watan bazara, in ya kumbura kuwa a raba shi da sauran kaya nan take.