Baƙon da Ba Raɓa Ba: Wa Zai Ɗauki Nauyin 'Yan Gudun Hijira?

Shirinmu na musamman na yau daga Daura yake zuwa muku, kuma tambayar da muka ɗauko ita ce: shin ya kamata ƙasashe masu arziki su ƙara yawan 'yan gudun hijirar da suke karɓa, su kuma ƙara tallafin da suke bayarwa?

Daura ta san gudun hijira tun kafin a ƙirƙiro masa hukuma. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi garin, mai sarautar Daura a lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Zuriyar gidansa suka zauna a Zango da Baure, ana haihuwa ana mutuwa, kusan shekara 100, kafin a dawo da ɗan gidan, Malam Musa, gadon sarauta a zamanin Turawa. Haka Katsinawan da suka bi Ɗan Kasawa suka yi arewa, suka kafa mulkinsu a Maraɗi, kuma jikokinsu na can har gobe. Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To, wanda yaƙi ya koro ba raɓa ba ne. Ya fito da niyyar kwana bakwai, sai ga shi yana aurar da 'yarsa a garin da ya sauka.

Abin ya sake faruwa a kan idonmu. A 2019, 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da yammacin Katsina, mutane suka riƙa tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Kafin shekarar ta ƙare, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun haura 40,000. Wa ya fara tarbarsu? Manoman yankin Gidan Rumji, waɗanda su kansu hatsin rumbunsu ba ya kai su damina. Suka ba da ɗaki, suka raba tuwo, aka yi layi ɗaya a bakin rijiya. Sai daga baya hukumar ta kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka, inda aka gina makaranta da ɗakin shan magani don baƙi da 'yan gari baki ɗaya. Ku tuna, Nijar ce wannan, ƙasar da kusan kullum take can ƙasa a jerin ƙasashe matalauta, kuma tun kafin nan tana ɗauke da waɗanda Boko Haram ta koro zuwa Diffa.

Haka lamarin yake a duniya. A ƙarshen 2024, mutanen da rikici ya raba da muhallansu sun haura miliyan 120. Cikin waɗanda suka tsallaka iyaka, fiye da kashi 70 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe matalauta ko masu matsakaicin ƙarfi. Yuganda na da fiye da miliyan 1.5. Cadi ta buɗe ƙofa ga mutanen Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Waɗanda ake ɗauka a hukumance a sake musu matsuguni a ƙasashe irin su Amurka da Kanada kuwa, ba su kai ɗaya cikin goma na masu buƙata ba.

Masu adawa da ƙarin karɓar baƙi a Turai suna da hujjarsu: gidaje sun yi tsada, asibitoci sun cika, talakan can ma yana kuka. Wannan gaskiya ne, kuma ba a raina kukan talaka ko a ina yake. Amma a 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukren, Tarayyar Turai ta ba mutum fiye da miliyan 4 izinin zama da aiki da karatu, ba tare da dogon jira ba. Madalla da hakan. Ashe in an yi niyya, akwai wuri.

Saboda haka amsarmu ita ce e, ya kamata ƙasashe masu arziki su ƙara. Wasunsu ma da hannunsu a cikin musabbabin: bayan yaƙin Libiya na 2011, wanda jiragen NATO suka shiga, makamai sun bazu a yankin Sahel, kuma mu ne muke girbar abin. Wannan bai wanke gwamnatocinmu ba, domin kare ran manomin Jibiya da Batsari aikin Najeriya ne kafin ya zama na kowa.

Sai dai ƙarin da aka fi buƙata ba na jirgin sama zuwa Turai ba ne. Matar da ta gudo daga Isa ko Sabon Birni ba ta mafarkin Jamus. Tana son wurin da ake jin Hausarta, inda labarin gida zai iso mata ranar kasuwa, inda za ta koma in ƙura ta lafa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'aduwa ko ya bi ta Kwangwalam ya san iyakar nan a takarda take, dangi ɗaya ne. Abin da zai taimake ta shi ne kuɗin da zai kai garin da ya sauke ta: rijiyar burtsatse, malamin makaranta, ungozoma, da fegin gona. Sake matsuguni a ƙasashen waje a ware shi ga waɗanda ba su da mafita a kusa, kamar masu ciwon da asibitin karkara ba zai iya ba, da waɗanda aka ceto daga gidajen tsare mutane a Libiya aka ajiye a Hamdallaye kusa da Yamai, domin jiran ƙasar da za ta karɓe su.

A 2018 ƙasashen duniya suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a raba wannan nauyi da adalci. A 2025 kuma Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira, ta rushe hukumar USAID, Ingila ta sanar da rage kuɗin agajinta, Hukumar Abinci ta Duniya ta rage rabon hatsi a ƙasashe da dama. Duk mudun da aka janye daga can, daga rumbun mai masauki ake cike gurbinsa.