Alƙaliyar da ta ce a'a a Bangui

Yau shirin namu zai leƙa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, maƙwabciyar Chadi da Kamaru, inda Hausawa da Fulani suka daɗe suna kasuwanci a unguwar PK5 ta birnin Bangui.

Labarin wata dattijuwa ne, Danièle Darlan, tsohuwar shugabar kotun tsarin mulkin ƙasar. Kotunta ce ta hana tsohon shugaba François Bozizé tsayawa takara a zaɓen Disambar 2020. Bozizé ya haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan tawaye, aka toshe hanyoyi, aka ƙona kayan zaɓe a garuruwa da dama, har mutane kusan kashi 35 cikin 100 ne kaɗai suka samu jefa ƙuri'a. 'Yan adawa suka ce a soke zaɓen. Darlan ta ƙi, ta tabbatar wa shugaba Faustin-Archange Touadéra nasara da kashi 53 cikin 100. Wato dai a lokacin ba a ɗauke ta maƙiyiyar gwamnati ba.

Ranar 13 ga Janairun 2021 'yan tawaye suka kai har bakin Bangui. Sojojin Ruwanda da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da sojojin haya na Wagner daga Rasha ne suka mayar da su. Daga nan fa al'amura suka sauya. Rashawa, waɗanda suka shigo tun 2018 a matsayin masu horar da soja da masu gadin shugaban ƙasa, suka ƙara ƙarfi, kamfanoninsu kuma suka riƙe mahaƙar zinare ta Ndassima. Faransa, tsohuwar uwargijiya, ta yi fushi, ta dakatar da tallafinta a 2021, sojojinta na ƙarshe suka tattara nasu ya nasu a Disambar 2022.

To, tsarin mulkin 2016 wa'adi biyu ya yanke, shekara biyar-biyar. Touadéra, malamin lissafi ne fa na jami'a, ya san na biyun zai ƙare. Darlan da bakinta ta shaida wa 'yan jarida cewa wani jami'in diflomasiyyar Rasha ya je ofishinta yana tambayar yadda za a yi shugaban ya zarce. Da gwamnati ta kafa kwamitin rubuta sabon kundi, kotunta ta yanke hukunci a Satumbar 2022 cewa haramtacce ne.

Ba a kulle ta ba, ba a kuma harbe ta ba. Dabara aka yi. Tunda farfesar shari'a ce, kuma malaman jami'a take wakilta a kotun, sai aka ce lokacin ritayarta daga jami'a ya yi, don haka kujerar ma ta tafi. Cikin Oktoba aka sauke ta. Amurka kuwa ta ba ta lambar yabo a Maris ɗin 2023, abin da bai dawo mata da kujera ba.

Ranar 30 ga Yulin 2023 aka yi ƙuri'ar raba-gardama kan sabon kundin. 'Yan adawa suka ƙaurace, hukumar zaɓe ta ce sama da kashi 95 cikin 100 sun amince. Wa'adi ya koma shekara bakwai, iyakarsa kuma an share ta. Jiragen Rashawa na cikin waɗanda suka kai akwatunan zaɓen ƙauyuka.

Bayan wannan ɗan kiɗa, za mu ji yadda 'yan kasuwar PK5 ke kallon baƙin.