Ma'aikacin Jinga, Shafinsa na Intanet da Matsalar Satar Takardar Tarihin Aiki

1.0 Gabatarwa

Ba duk wanda ya karanta Hausa a kwaleji ne yake ƙarewa a aji kawai ba. Da yawa suna haɗa koyarwa da fassara ko tace rubutu ko rubuta tallace-tallace ga ƙungiyoyi da kamfanoni, a biya su gwargwadon abin da suka yi. Mai irin wannan sana'a shi ake kira ma'aikacin jinga a wannan babi, wato wanda ba ya ƙarƙashin wata ma'aikata, ana yin ciniki da shi ne a kan aiki guda, in ya gama a sallame shi. Jarinsa duka shi ne sunansa. Saboda haka za a dubi takardar da yake gabatar da kansa da ita, da yadda ake sace ta, sannan da irin kariyar da shafin intanet na kansa yake ba shi.

2.0 Takardar Tarihin Aiki

Takardar tarihin aiki, wadda aka fi sani da CV, taƙaitaccen bayani ne na karatun mutum da ayyukan da ya yi da ƙwarewar da ya samu. Sunan ya fito ne daga kalmomin Latin guda biyu masu ma'anar tafarkin rayuwa. Masana kan kawo wasiƙar da Leonardo da Vinci ya aika wa Ludovico Sforza, mai mulkin birnin Milan na Italiya, wajen shekarar 1482, a matsayin ɗaya daga cikin tsofaffin misalai, domin a cikinta ya jero abubuwan da ya iya yana neman aiki.

Tunanin da ke bayan wannan takarda ba baƙo ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Almajiri kan karɓi ijaza daga malaminsa, kuma malami kan ambaci waɗanda ya yi karatu a gabansu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, yana bayyana malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Bambancin shi ne ijaza tana da mai shaida wanda jama'a suka sani, ita kuwa takardar zamani mai ita ne yake rubuta ta da hannunsa, ya aika wa wanda bai taɓa ganinsa ba. Daga nan ne ƙofar sata ta buɗe.

3.0 Satar Takardar Tarihin Aiki

Satar fasaha ita ce mutum ya ɗauki rubutu ko tunanin wani ya nuna cewa nasa ne. Kalmar da Turawa suke amfani da ita ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin ɓarawon mutane, kuma mawaƙin Rum, Martial, ya yi amfani da ita a ƙarni na 1 ga wanda yake karanta waƙoƙinsa da sunan nasa ne. A fagen neman aiki ana iya kasa wannan sata gida uku:

(a) Kwafe jimloli: mutum ya ɗauki yadda wani ya bayyana ƙwarewarsa, kalma da kalma, ya liƙa a tasa takardar.

(b) Kwafe ayyuka: ya ɗauki jerin ayyukan da wani ya yi, ya cire sunan mai su ya sa nasa.

(c) Sojan gona: ya bar sunan mai takarda da duk bayaninsa, ya sauya adireshin imel da lambar waya kawai.

Ya kamata a lura cewa bin tsarin takardar wani, kamar jera suna da karatu da aiki, ba sata ba ne. Tsari na kowa ne, kamar yadda tsarin wasiƙa yake na kowa.

Kashi na uku shi ne mafi muni, kuma masu fassara suna fama da shi. Ɓarawo kan samo takardar ƙwararren mai fassara daga dandalin neman aiki, ya aika wa kamfanoni masu yawa da sabon adireshi. Kamfanin da ke Ingila ko Amurka, wanda ba shi da mai jin Hausa, sai ya ba shi aiki. Shi kuma ya zuba rubutun a na'urar fassara, ya mayar, ya karɓi kuɗi. Manhajar Google Translate ta fara fassara Hausa a 2013, kuma irin waɗannan na'urori sun ci gaba ƙwarai, amma har yanzu aikinsu yana buƙatar idon masani. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo kamarsu ɗaya a takarda, muhallin magana ne kaɗai yake raba su. Idan takardar ta shafi yadda za a sha magani ce, kuskure ɗaya na iya cutar da marar lafiya. Ranar da asiri ya tonu kuma, sunan da za a soke daga jerin masu fassara shi ne na mutumin kirki wanda bai ma san an yi aikin ba.

Shi ma mai ƙarya ba ya tsira har abada. A 2012 Scott Thompson ya sauka daga shugabancin kamfanin Yahoo bayan an gano cewa tarihin karatunsa yana ɗauke da digirin kimiyyar kwamfuta da bai samu ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

4.0 Shafin Intanet na Kai da Amfaninsa

Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, aka buɗe shi ga jama'a a 1991. Bayan fitowar manhajoji irin su WordPress a 2003, kafa shafi ya daina zama aikin ƙwararru kaɗai. Abu biyu ake buƙata: sunan adireshi, da kuma wurin ajiyar shafin. A Nijeriya ƙungiyar NiRA ce take kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, kuma ana sabunta rajista ne shekara-shekara. Amfanin shafin ga ma'aikacin jinga ya haɗa da:

Na farko, tabbatar da mai suna. Wanda ya karɓi takarda yana iya neman sunan a intanet, ya kwatanta adireshin imel ɗin da ke takardar da wanda ke shafin. In sun saɓa, ya gane akwai lauje cikin naɗi. Idan kuma imel ɗin mutum yana ɗauke da sunan shafinsa, ɓarawo ba zai iya karɓar saƙo ta wannan adireshi ba.

Na biyu, shaidar lokaci. Cibiyar Internet Archive, wadda aka kafa a 1996, ta buɗe rumbun Wayback Machine a 2001, inda ake ajiye kwafin shafuka tare da ranar da aka ɗauke su. Mai shafi yana iya neman a ajiye nasa. Idan gardama ta tashi a kan wanda ya fara rubuta wani bayani, wannan rana hujja ce.

Na uku, nuna aiki. Takarda cewa take yi mutum ya iya, shafi kuwa yana ɗauke da samfurin fassara da muryar mai shi da jerin abin da ya wallafa. Gani ya kori ji. Ɓarawo yana iya kwafe jimla, amma da wuya ya amsa tambaya a kan dalilin zaɓen wata kalma a fassarar da ba shi ya yi ba.

Na huɗu, mallaka. Dandaloli irin su LinkedIn da Upwork da ProZ suna da amfani wajen samun abokan ciniki, sai dai mutum ɗan haya ne a cikinsu. Masu su na iya sauya doka ko rufe asusu. Shafin kai yana hannun mai shi muddin yana biyan kuɗin sabuntawa.

5.0 Iyakar Kariyar Shafi

Shafi ba ya hana kwafi, hasali ma duk abin da aka baza a fili ya fi sauƙin ɗauka. Don haka bai dace a sa ranar haihuwa ko lambar shaidar ɗan ƙasa ko adireshin gida ko hoton takardar shaidar karatu ba. Cikakkiyar takarda a aika ta ga wanda ya nema kawai. Haka nan ba a wallafa aikin da aka yi wa wani sai da izininsa, domin fassara amana ce. Shafin da aka bari ya tsufa, ko mai cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu, kamar rashin ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ, yana zubar da ƙimar mai shi fiye da rashin shafin.

Ta fuskar shari'a, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana kare rubutu ba tare da sai an yi rajista ba. Sai dai salon faɗar magana take karewa, ba bayanan gaskiya irin su sunan makaranta ko shekara ba. Sojan gona kuwa laifi ne a ƙarƙashin sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015.

6.0 Kammalawa

An ga cewa takardar tarihin aiki shaida ce da mutum yake ba da ita a kan kansa, don haka tana buƙatar abin da zai gaskata ta, kuma shafin intanet na kai yana cike wannan gurbi gwargwado. Nauyin malami shi ne ya fara gyara tun daga aji. Ɗalibin da aka ƙyale ya kwafi insha'in abokinsa a firamare, shi ne zai kwafi takardar wani in ya girma. Ya dace malami ya sa ɗalibai su rubuta bayanin kansu da kalmominsu, ya kuma tambaye su hujjar kowace ƙwarewa da suka ambata.

Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin bin tsarin takardar wani da satar abin da ke cikinta.
2. Kawo amfani uku na shafin intanet ga mai fassara mai zaman kansa.
3. Rubuta takardar tarihin aikinka da Hausa a shafi ɗaya, ka nuna bayanan da ba za ka sa a intanet ba tare da dalili.